Tsohon Fetur a Tanki: Asara ga Inji, Guba ga Fadamar Baturiya

 

Batun da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido: ragowar man fetur da ake bari a tankin mota, ko babur, ko janareta, ko injin ban-ruwa, a jingine abin wata da watanni, sannan a dawo rana ɗaya a ce lallai sai ya tashi. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne fetur kaya ne mai wa'adi, yana lalacewa a ajiye. A ƙasa irin tamu, inda ruwa ke tilasta mana jingine injuna kowace shekara, zuƙe tsohon mai daga tanki ya cancanci ya samu ranarsa a ayyukan shekara, kamar yadda sharar gona take da tata ranar. Kuma aikin bai kammala ba sai an san inda man da aka zuƙe zai tafi, domin ƙasar da muke zaune a kanta ruwanta yana kusa da sama, abin da aka zuba mata ba ya daɗewa bai kai shi ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu fiye da mutumin birnin Kano ko Kaduna. Mai mota a birni yana ƙone mansa a cikin mako, ya koma gidan mai. Mu kuwa rayuwarmu tana bin kogi ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya hali, manomi ya koma dogaro da inji wajen noman rani. Ƙananan injunan ban-ruwa sun bazu a nan tun shekarun 1980, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, musamman bayan hana shigo da alkama a 1987, sannan Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya ƙara yawansu. Yau da wuya a sami ƙauye daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri da ba a jin ƙarar inji a bakin ruwa da rani. To amma da zarar damina ta kankama, da yawan waɗannan injuna sai a ɗauke su a kai ɗaki. Idan ruwa ya cika a Agusta da Satumba, ciyawar kachalla ta toshe masa hanya ya fantsama, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, hanyoyi sukan yanke, a-kori-kura da babura su tsaya cik har sai ƙasa ta tsane. Ke nan ajiyar inji ta wata uku zuwa biyar al'ada ce a wurinmu, kuma tana faɗowa daidai lokacin da iska ta fi danshi.

Me ke faruwa a cikin tanki a waɗannan watanni? Fetur haɗi ne na sinadarai ɗaruruwa, wasu marasa nauyi da ke fara tafasa tun daga zafin da bai wuce digiri 30 zuwa 40 ba, wasu kuma masu nauyi da sai zafi ya kai wajen digiri 200. Marasa nauyin nan su ne ke kama wuta da wuri su tayar da inji mai sanyi. Na farko, tankin inji da na babur suna da 'yar kafar numfashi, ta nan waɗannan sinadarai ke sulalewa kullum, a bar masu nauyin a baya. Shi ya sa za ka ga tanki da mai, fulogi yana ba da wuta, amma a ja igiya har hannu ya gaji inji bai amsa ba. Na biyu, iskar da ke shiga tankin tana haɗuwa da man, sannu a hankali ta mayar da wani sashensa ƙaro mai danƙo. Ƙaron nan ne ke toshe ƙananan kafofin kafireta waɗanda ba su fi bakin allura ba, shi ke manne nozul a motocin zamani, shi ke sa mai ya yi duhu ya riƙa tsamin wari irin na tsohon fenti. Masana sinadarai suna da ƙa'idar cewa irin wannan sauyi yakan ninka saurinsa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, a ɗakin kwano kuma ya zarce haka, man da zai yi wata shida lafiya a ƙasar sanyi ba zai kai ko kusa da haka ba a nan.

Na uku shi ne ruwa, kuma shi ne babban abokin gābar tanki a fadama. Da rana tanki yana ɗumi ya fitar da iska, da dare ya huce ya shaƙi iska mai danshi, danshin ya zama raɓa a bangon tankin ya gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba kuma ya gauraya da shi, don haka yana kwanciya ne a gindi, daidai inda mai ke fita zuwa inji. Can yake cin ƙarfe ya haifar da tsatsa. Idan kuwa ambaliya ta taɓa motar, to ruwa da laka sun shiga kai tsaye. Masu tarakta da manyan motoci kada su ɗauka sun tsira, domin ko da yake dizal ya fi fetur jure ajiya, wasu ƙwayoyin halitta suna rayuwa a tsakanin ruwan gindin tanki da man, su tara baƙin dagwalo mai toshe filta. A haɗa da cewa ba kullum man ke shiga tanki da tsarkinsa ba. A Fabrairun 2022 kamfanin mai na ƙasa da kansa ya amince an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, wanda ya lalata motocin jama'a. Wanda aka sayo a jarka a gefen hanya kuwa, mai saye ba ya iya sanin kwanakin da ya yi a rana kafin ya zo hannunsa.

Daga nan hukuncin a fili yake. Rana mafi sauƙi ta magance wannan matsala ita ce ranar da za a ajiye injin. A ranar man yana da kyau, ana iya juye shi a babur ko janareta a ƙone shi, ko sisi ba a yi asara ba. A kwance ɗan noti da ke gindin kafireta ragowar ta tsiyaye a cikin mazubi, a bar tankin ya bushe, a rufe, a ɗora injin a kan wani abu mai tudu. Littattafan da kamfanoni irin su Honda ke haɗowa da ƙananan injunansu sun yi wannan umarni game da doguwar ajiya, sai dai mafi yawanmu da kwalin ake jefar da littafin. Wanda wannan rana ta wuce shi, to dama ta biyu ita ce kafin a murɗa makulli ko a ja igiya karon farko. Wannan gaɓa tana da muhimmanci ƙwarai ga mai motar zamani, domin famfon manta yana cikin tanki ne, da an murɗa makulli zai tura ruwa da tsatsa da ƙaro zuwa filta da nozul. Dattin da yake kwance wuri ɗaya, wanda awa guda ta isa a fitar da shi, sai ya watsu ko'ina ya zama aikin kwanaki.

Gwajin tsohon mai ba ya bukatar kayan aiki. A ɗebi kaɗan daga gindin tanki a zuba a kwalba mai haske, a ajiye ta a inuwa ta natsu. Idan an ga layi ya raba ƙasa da sama, akwai ruwa. Idan man ya yi duhu ko ya yi gauraye-gauraye, ko an ga jan gari a gindi, ya lalace. Don zuƙe shi, sai a fitar da motar fili inda iska ke kaɗawa, da sassafe, inji a sanyaye, a cire kan batir, a nisanci murhu da taba da janareta mai aiki, a ajiye bokitin yashi a kusa. A yi amfani da ɗan famfon hannu mai tiyo, mazubin kuma yana zaune a ƙasa. Wasu tsofaffin motoci suna da noti a gindin tanki. Na zamani kuwa suna da wani makari a wuyan tanki da ke hana tiyo wucewa, a nan aikin bakanike ne, ko ya cire bututun mai ya fitar ta nan, ko ya sauke tankin ya wanke ya shanya. Bayan haka a sauya filta, a wanke kafireta idan mai kafireta ce, a duba baƙin mai ko ruwa ya shige shi, sannan a zuba sabon fetur.

Abu biyu ne nake roƙon a daina su gaba ɗaya. Na farko zuƙar fetur da baki. Mun saba ganin yaron gareji ya sa tiyo a baki ya ja, ya tofar, a yi dariya. Likitoci sun san cewa fetur kaɗan idan ya sarƙe mutum ya gangara huhu yana ƙona shi ya kawo ciwo mai tsanani, wani lokaci har ajali. Shi ya sa wanda ya haɗiyi fetur ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, asibiti ake kai shi nan take. Na biyu kai tankin da aka zuƙe wurin mai walda a ce ai babu komai a ciki. Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne, kuma tankin da babu mai a cike yake da shi. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, yana bin ƙasa ya taru a rami da kwata da lungun ɗaki, kuma idan ya kai kashi biyu kacal cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mu mutanen Jigawa ba ma bukatar a ba mu labarin wutar fetur. A daren 15 ga Oktoba, 2024, a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, tankar mai ta kife, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Halin fetur a jarkar lita huɗu shi ne halinsa a tanka, yawa ne kawai ya bambanta.

Yanzu bari in juya ga masu ja da wannan magana, domin suna da hujjoji da suka cancanci amsa. Na farko zai ce: malam, ka san kuɗin mai kuwa? Gaskiyarsa. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Manomin da ke lissafin kowace lita ba za a ce masa ya zubar da lita uku ya ji daɗi ba. Amma tsadar nan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan a zuƙe man tun ranar ajiya, lokacin da yake da amfani. Wanda ya bar shi a tanki bai adana shi ba, wani sashe ya bi iska, wani ya zama datti. Sannan a auna kuɗin lita uku da kuɗin wankin kafireta, ko sabon famfon mai, ko tankin da tsatsa ta huda. Mafi tsada duka shi ne lokaci. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta ci moriyar sanyin hunturu, dashen tattasai da albasa kuma ba ya jiran bakanike. Kwana uku da inji zai yi a gareji a wannan gaɓa ya fi ragowar man tankinsa tsada nesa ba kusa ba.

Na biyu zai ce: shekara nawa muna yin haka, kuma inji yana tashi. Haka ne, sau da yawa yana tashi, musamman tsofaffin injuna masu haƙuri. Sai dai tashi ba shi ne lafiya ba. Injin da ke aiki da kafireta mai rabin toshewa yana shan mai fiye da kima, yana hayaƙi, yana kashe fulogi, ruwan da yake turawa ya ragu. Mai shi ba ya danganta wannan da man bara, sai ya ce injunan yanzu ba su da ƙarko. Asarar tana nan, an dai rarraba ta ne a tsawon rani yadda ba a ganinta a dunƙule. Kuma motocin da ke shigowa yanzu masu nozul da famfon lantarki ba su da haƙurin tsohuwar Fijo.

Na uku, wanda ya yi karatu, zai ce: ai wasu masana cewa suke a cika tanki fal idan za a ajiye mota. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ya karo da abin da na faɗa. Tanki cikakke ba shi da wurin iska, don haka raɓa da tsatsa suna raguwa. Ga motar da za ta tsaya mako shida ko wata biyu a wuri mai tudu, wannan dabara ce mai kyau, musamman idan an samu maganin da ake zuba wa fetur don ya jure ajiya. Amma maganin ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba, kuma wa zai kulle kuɗin lita hamsin na tsawon damina a wannan zamani? Ga ƙaramin injin da za a kai ɗakin da iyali ke kwana kusa da shi, cikakken tanki haɗari ne. Hanyoyi biyu ne masu kyau, ko a cika fal na ɗan lokaci, ko a zuƙe tas na dogon lokaci. Mafi muni ita ce wadda muka saba, rabin tanki na wata biyar.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. Zai ce: to na zuƙe, na watsar a bayan gari, ko a bakin ruwa inda nake wanke injin, lita ɗaya me za ta yi wa kogin Haɗeja? A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin kowace lita. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne na fetur, lita guda tana ɗauke da kusan giram tara, wanda a lissafi ya isa ya kai ruwa sama da lita 800,000 wannan iyaka. Gaskiya ne wani kaso yana bin iska idan an zubar a rana, amma wanda ya nutse ya daɗe ke nan, kuma a fadama 'yan mitoci kaɗan ne tsakanin tafin ƙafa da ruwan da gajerun rijiyoyinmu ke jawowa. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, ta tarar da mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan rijiya mai benzin fiye da ninki 900 na wannan iyaka. Tasu matsalar daga bututun mai ta zo, ta fi tamu girma ƙwarai, amma ta nuna yadda mai ke ratsa ƙasa ya zauna a kan ruwan sha shekara da shekaru. Kuma lita ɗayan nan ba ita kaɗai ba ce. Dubban injuna ne ake fitarwa a makonni guda, a bakin ruwa guda.

Ruwan nan kuwa ba na mai inji ne shi kaɗai ba. Dausayin Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a 2008, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na Iran a 1971. Tsuntsaye suna ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, kuma suna sauka ne daidai lokacin da muke fito da injuna. Mai yana shimfiɗuwa a saman ruwa, yana ɓata gashin tsuntsu, yana kashe 'ya'yan kifi a ruwa marar zurfi inda tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa. Kifin da ya ɗauki warin fetur ba shi da daraja a kasuwar Haɗeja. Shanun makiyayi a nan suke sha, abin da ya wuce mu kuma yana gangarawa Gashuwa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Addininmu ya hana almubazzaranci, ya hana ƙazantar da ruwan da jama'a ke amfani da shi, ya hana cutar da maƙwabci. Wanda ya bar mai ya lalace sannan ya watsa shi a fadama ya haɗa ukun a aiki ɗaya.

To ina za a kai shi? Idan tsufa kawai ya yi, babu ruwa babu tsatsa, a bar shi ya natsu, a tsiyaye na sama a tace da ƙyalle mai tsabta, a gauraya kashi ɗaya da kashi huɗu ko biyar na sabon mai, a ƙone shi a hankali a injin mai kafireta. Wanda ya ɓaci sosai a zuba shi a mazubin ƙarfe mai murfi, a yi masa alama, a ajiye a inuwa nesa da ɗakin kwana da madafa da hannun yara. Kada a sa shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, kada a hura wuta da shi, kada ya kusanci fitila ko risho, kada kuma a sayar wa wani a matsayin mai kyau. A nan ne nauyi ke komawa kan hukuma da ƙungiyoyi, domin ba adalci ba ne a ce wa talaka kada ya zubar, ba a nuna masa inda zai kai ba. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi za su iya ajiye durom mai murfi a kowane babban gareji. Hukumar kare muhalli ta jiha da ƙananan hukumomin Haɗeja, Kirikasamma, Guri da Auyo su ɗauki nauyin kwashewa. Malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA, su sa wannan darasi cikin abin da suke koya wa manoma a ƙarshen rani, makarantun koyon sana'a kuma su koya wa yaranmu aiki da famfon hannu maimakon baki.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Ina kira ga kowane mai inji da mai mota da mai babur a wannan yanki: ranar da za ka jingine abin hawanka ko injinka saboda damina, ka zuƙe mansa ka yi amfani da shi. Idan ka makara, kada ka tayar sai ka gwada ka zuƙe. Kada ka sa tiyo a baki, kada ka bar yaronka ya sa, kuma kada ɗigo ɗaya ya sauka a ƙasar fadama ko a ruwanta. Iyayen ƙasa da limamai, ku taimaka da tunatarwa a watan Yuni da watan Nuwamba. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya kare mu daga gobara.